Yajin aikin direbobi da zuwan na'ura: Matashi, ina makomar sana'arka?

Idan ka samu lokaci gobe da safe, tsaya a bakin tasha a Gusau ka ƙirga mutanen da ke cin abinci daga mota ɗaya tak mai lodin Funtuwa. Ga direba, ga yaron mota, ga ɗan kamasho mai kiran fasinja, ga ɗan yuniyan mai rubuta tikiti. Bayan su akwai mai faci, da bakanike, da ɗan dako, da mai shayin da ya kunna wuta tun asuba don ya san za su zo. Kafin motar ta wuce Kwatarkwashi ta isa Tsafe, wasu ma sun samu nasu rabon: mai bumburutu, da yarinya mai tallar gyaɗa, da ɗan kabu-kabun da zai kwashi wanda ya sauka ya shiga da shi ƙauye.

A jihar da noma ya zama sai da fargaba saboda matsalar tsaro, babur da keke da mota su ne suka riƙe dubban matasa. Wanda ya baro gona a Karakkai ko wani ƙauye na Bungudu ya shigo gari, abu na farko da yake nema shi ne wanda zai ba shi babur ya riƙa kawo balas. Ɗalibin da ke jiran sakamako, da mai takardar NCE da bai samu aiki ba, duk can suka dosa. Saboda haka idan ka ji labarin ma'aikatan sufuri na yajin aiki a Landan ko Faris kan rage ma'aikata da kawo na'ura, kada ka wuce shi kamar labarin wata duniya. Irin wannan rigimar ta riga ta iso Kano, kuma daga Kano zuwa Gusau ba nisa.

Ranar da Kano ta koma tafiyar ƙafa

A ranar Litinin 22 ga Fabrairun 2021, mutanen Kano suka wayi gari babu Adaidaita Sahu a kan titi. Matuƙan sun ajiye kekunansu ne kan harajin Naira 100 na kullum da hukumar KAROTA ke karɓa. Abin lura shi ne, ƙorafin da yawa daga cikinsu ya haɗa da hanyar biyan kuɗin, domin an ce a biya ta tsarin Remita, wato ta intanet. Mutumin da ya saba miƙa Naira 100 hannu da hannu ya karɓi takarda, sai ga shi yana neman shagon kwamfuta, yana bin layi, lokacin da ya kamata yana kan titi yana neman kuɗi. Kwana biyu aka yi kafin a sasanta, bayan ƙungiyar ƙwadago ta shiga tsakani.

Ba a cika shekara ba aka sake. A ranar 10 ga Janairun 2022 suka koma yajin aiki, wannan karon kan Naira 8,000 na sabunta takardar izinin aiki. Kwana uku birnin ya yi a haka. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka riƙa taka sayyada, wasu suka hau motocin ɗaukar kaya, masu babur suka samu kasuwa. A ƙarshe aka rage kuɗin zuwa Naira 5,000, suka koma aiki.

Abu biyu za ka ɗauka daga nan. Na farko, matasan da ake yi wa kallon marasa tsari sun iya tsayar da birni mafi girma a Arewa ba tare da sun riƙe komai ba sai makullin kekensu. Na biyu, gwamnati ma ta koyi darasi: ta ga cewa dogaro da su kaɗai haɗari ne gare ta. A ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanar da hana Adaidaita bin wasu manyan titunan birnin, tana mai cewa ta kawo manyan motocin bas da tasi da za su maye gurbinsu. Kukan jama'a ya sa aka dakatar da dokar nan take, don motocin ba su isa ba. Amma niyyar ta fito fili, kuma duk gwamnatin da ta samu kuɗin sayen isassun motoci za ta iya dawowa da ita.

Yi lissafin da kanka. Babbar bas ɗaya tana ɗaukar abin da keke goma ko fiye za su ɗauka a sawu guda. Direba ɗaya take buƙata, wataƙila da kwandasta ɗaya. Ga fasinja wannan sauƙi ne, ga titi ma raguwar cunkoso ce. Amma sauran mutum takwas ko tara ɗin fa, ina za su?

Sa hannu ɗaya kan takarda

A wajenmu, sana'ar sufuri ta fi mutuwa ta hanyar doka. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaba a birnin Kano da kewaye. Dare ɗaya matasa masu ɗimbin yawa suka rasa abin yi. Wasu suka koma tuƙa Adaidaita Sahu, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo tun farko don ɗaukar mata. Wasu suka ɗora baburansu a tirela suka nufi Legas, inda nan ma aka hana su manyan unguwanni a Fabrairun 2020.

Mu a Zamfara mun ɗanɗana namu. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da kekuna daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, a Gusau kuma daga ƙarfe 8 na dare. Aka kuma katse layukan waya. A 2024 gwamnatin Dauda Lawal ita ma ta hana yawon babur daga 8 na dare zuwa 6 na safe. Dalilin tsaro ne, kuma duk wanda ya rasa ɗan'uwa a hannun 'yan bindiga ya san ba wasa ba ne. Sai dai ɗan kabu-kabun da ranar kasuwa ce babbar ranarsa, shi ya kwana da asarar, ba wanda ya biya shi ko sisi.

Sai kuma man fetur. Daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Fasinja ya rage fita, mai mota ya ƙara balas, direban da ke tafiya da yaron mota ya fara tunanin ko zai iya shi kaɗai. Wannan ma rage ma'aikata ne, illa dai ba a rubuta wa kowa takardar sallama ba.

Abin da ake rigima a kai a Turai

A Ingila rigimar ta fi fitowa fili saboda ma'aikatan suna da albashi da ƙungiya mai ƙarfi. A ranakun 1 da 3 ga Maris na 2022, ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan kimanin 10,000, 'yan ƙungiyar RMT, sun yi yajin aiki kan shirin soke gurabe kusan 600 a tashoshi da kuma batun fansho. Hujjar hukuma ita ce tana cikin matsin kuɗi, dole ta rage abin da take kashewa.

A 2023 kamfanonin jiragen ƙasa suka fito da shirin rufe kusan duk ofisoshin sayar da tikiti a Ingila, wajen guda 1,000. A nan ne abin sha'awa ya faru. Ma'aikatan ba su tsaya ga yajin aiki kaɗai ba, sun jawo fasinjoji cikin maganar. Tsofaffi da makafi da masu keken guragu suka ce su fa na'urar tikiti ba za ta kama hannunsu ta hau da su jirgi ba. Aka tara ra'ayoyin jama'a kimanin 750,000, mafi yawansu na adawa. A ranar 31 ga Oktoban 2023 gwamnati ta ce a janye shirin.

Labarin Faransa kuma wani darasi ne daban. A birnin Faris, layin jirgi na 14 ba shi da direba tun da aka buɗe shi a 1998, daga baya aka mayar da layi na 1 haka. Da ma'aikata suka shiga dogon yajin aiki a Disamban 2019 kan fansho, yawancin layukan sun tsaya, amma waɗannan biyun suka ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Ka gane inda maganar ta dosa? Ƙarfin direba a teburin sulhu shi ne idan ya ajiye makulli komai ya tsaya. Ranar da abin hawa ya iya tafiya babu shi, wannan ƙarfin ya tafi.

A birnin Wuhan na ƙasar Sin, kamfanin Baidu ya zuba ɗaruruwan motocin tasi marasa direba, har a 2024 direbobin tasi suka koka cewa ana ƙwace musu abinci. A Amurka kamfanin Waymo na ɗaukar fasinja haka a birane irin su San Francisco da Phoenix. Ko a Saudiyya, jirgin cikin birnin Riyadh da aka buɗe a ƙarshen 2024 ba direba a cikinsa.

To, mu ta ina za ta shigo?

Za ka iya yin dariya ka ce, wace mota ce marar direba za ta bi hanyar Gusau zuwa Ɗansadau? Gaskiyarka. Motar da ke buƙatar titi mai zane, da taswira, da sabis marar yankewa, ba za ta iya da ramukanmu da shanun da ke tsallaka titi ba a nan kusa. Jihar da ta yi makonni, wasu yankunan ma watanni, babu layin waya a 2021, ba yanzu za a miƙa wa kwamfuta sitiyari ba. Amma kujerar direba ce ta ƙarshe da na'ura ke nema. Takan fara ne da mutanen da ke kewaye da shi.

Ta fara da mai tikiti. Tun Janairun 2021 jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya koma sayar da tikiti ta intanet. A Legas, manyan motocin BRT da katin Cowry ake hawansu, ka ɗora kati na'ura ta cire kuɗi. Duk inda aka yi haka, mai karɓar kuɗi da mai ba da canji sun ragu. Kai ma ka tuna ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, yadda cikin 'yan makonni ɗan keke ya koyi karɓar taransifa. Gwamnatoci kuma suna son karɓar haraji ta na'ura, don kuɗin ya daina maƙalewa a aljihun masu karɓa. Abin da ya tayar da Kano a 2021 ke nan.

Sannan ɗan kamasho. Aikinsa shi ne haɗa fasinja da mota, kuma wannan shi ne ainihin aikin manhajar Bolt da Uber da inDrive. A 2019 kamfanin OPay ya shigo Kano da tsarin kiran Adaidaita ta waya a farashi mai rahusa, matasa suka yi rububin shiga. Zuwa tsakiyar 2020 kamfanin ya rufe harkar ɗaukar fasinja ya mayar da hankali kan hada-hadar kuɗi. Wanda ya gina rayuwarsa a kai, sai ya sake sabon lale. Waɗanda ke aiki da sauran manhajojin kuwa sun gano cewa sabon ɗan kamashon ba ya jin magiya: shi ke yanke farashi, shi ke cire kasonsa, yana kuma iya rufe ka ba tare da ka ga fuskar kowa ba. Shi ya sa a Yunin 2023 direbobin manhaja a Najeriya suka yi yajin aiki, suna neman a ƙara farashi a rage kason kamfani bayan tashin kuɗin mai.

Akwai kuma babban jari. A Satumban 2025 ƙungiyar NUPENG ta shiga yajin aiki kan shirin matatar Ɗangote na kawo tankoki 4,000 masu amfani da iskar gas don raba mai kai tsaye, da batun ko sababbin direbobin za su shiga ƙungiya. An sasanta cikin kwana biyu. Amma duk wanda ke da ɗan'uwa direban tanka ko yaron tanka ya san irin fargabar da aka shiga, don idan kamfani ɗaya ya riƙe kaya ya riƙe mota, ƙananan masu motoci sai yadda aka yi da su.

Yajin aiki ga mai biyan balas

Kafin ka ce mafita ita ce kowa ya ajiye makulli, duba bambancin da ke tsakaninka da ma'aikacin Landan. Shi yana da albashin wata da takardar ɗaukar aiki. Idan ya yi yajin kwana ɗaya, kuɗin kwana ɗaya ya rasa, aikinsa na nan. Kai kuwa abin da ka samo yau shi za a ɗora a tukunya yau. Idan keken na biya sannu-sannu ne, mai shi ba ruwansa da yajin aiki, kuɗin sati yake jira. Shi ya sa yajin aikin 'yan Adaidaita ba ya wuce kwana biyu ko uku. Yunwa ce ke janye shi tun kafin a gama sa hannu.

Ka kuma tuna waye ke shan wahala. Kwamishina yana da motarsa. Wadda ke tafiya a ƙasa ita ce ɗalibar da ke da jarrabawa ƙarfe takwas, da matar da naƙuda ta kama, da dattijon da ke da ganin likita. Idan aka haɗa da tare hanya da fasa gilashin wanda ya fito aiki, tausayin jama'a yakan juya nan da nan. Ma'aikatan Ingila sun ci nasara a 2023 ne don fasinja ya ga cewa faɗansu nasa ne. Ɗan keken da ke ninka kuɗi ranar ruwan sama, ko yake zagin fasinja kan Naira hamsin, yana zubar da jarin da zai buƙata ranar da gwamnati ta taso masa.

Ba yau aka fara ba

Kakanninmu sun ga irin wannan. Kafin jirgin ƙasa, fatake da jakuna da raƙuma ke ɗaukar kaya. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka koma tarago, Gusau ta bunƙasa. Ma'aikatan reluwe suka zama masu ƙarfi, har su ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945 ƙarƙashin Michael Imoudu, wanda ya haura kwana arba'in ya girgiza Turawan mulki. Yau je ka duba tashar jirgin Gusau ka gani. Manyan motoci sun karɓe kayan, reluwe ta durƙushe, ƙarfin ƙungiyar ya tafi tare da ita. Sufuri bai mutu ba, hannu ya sauya. Waɗanda suka tsira su ne suka koyi tuƙi da kanikanci tun jirgin bai tsaya ba.

Abin da ke hannunka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kana kan babur ko keke yau, fara da takardu. Nemi lasisin tuƙi na gaskiya daga hukumar kiyaye haɗurra, don duk wani kamfani ko gwamnati da za ta kawo bas, mai lasisi za ta ɗauka. Idan za ka karɓi keke na biya sannu-sannu, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa ne jimilla, nawa ne a sati, me zai faru idan ka yi rashin lafiya ko gwamnati ta hana aiki. Da yawa sun biya rabi aka ƙwace, don magana ce ta baki kawai.

Koyi gyaran abin da kake tuƙawa, ka kuma leƙa wanda ke tafe. Ana ta mayar da motoci da kekuna su koma amfani da iskar gas, masu aiki da batir ma sun fara shigowa Arewa. Kowanne na buƙatar mai haɗawa da mai gyara, kuma masu wannan ilimin ba su da yawa a tsakaninmu. Awa biyu da yamma a garejin mai gyaran wayarin mota ta fi awa biyu a majalisa ana musun ƙwallo. Ke ma 'yar'uwa, maganar ta shafe ki. Ajiye lissafin motoci a kwamfuta, karɓar odar kaya ta waya a haɗa da mai kaiwa, da harkar POS, duk ayyukan sufuri ne da ba sai kin shiga tasha ba.

Idan kana cikin yuniyan, kada ka tsaya ga biyan kuɗin tikiti. Tambayi shugabanni ina kuɗin ke zuwa, kuma ko akwai asusun da zai riƙe mambobi idan aka shiga yajin aiki ko wani ya yi haɗari. Ƙungiyar da ba ta san adadin mambobinta ba, ba ta da abin da za ta ajiye a gaban gwamna. Ko adashi ne ku fara, ku goma ko ashirin, da nufin kowa ya mallaki abin hawansa.

Sannan ga 'yan siyasa. Lokacin zaɓe za su zo da babura a tirela suna rabawa, kai kuma a ba ka tuta ka yi ta zagaya gari. Karɓi babur ɗin idan ya zo, amma ka yi tambaya. Idan za a kawo manyan motoci, mutum nawa daga cikin 'yan keke za a horar su tuƙa su? Idan za a koma karɓar haraji ta waya, an tanadi hanyar da marar babbar waya zai biya ba tare da ƙarin caji ba? Idan tsaro ya sa aka hana aikin dare, za a rage harajin rana? A Kano sai da birni ya tsaya cak sau biyu kafin a zauna a yi irin wannan maganar. A Gusau da Tsafe da Bungudu, ana iya yin ta tun kekuna suna kan titi.